Masana'antun Kano da Gasar Ƙwallon Yara ta Ƙasa da Ƙasa

A cikin watan Fabrairu na shekarar 2024 waɗansu samari 'yan Nijeriya suka ci kofin ƙwallon ƙafa a wani gari na bakin teku a ƙasar Italiya, sunansa Viareggio. Gasar da a ke yi a garin nan tana cikin mafiya tsufa a irinta, don tun 1949 a ke yin ta. Masu karawa a cikinta makarantun horon yara ne na manyan ƙungiyoyi, irin su Milan da Juventus da Fiorentina, tare da baƙin da a kan gayyato daga waɗansu nahiyoyi. Kafin wannan shekara babu wata ƙungiya ta Afirka da ta taɓa ɗaukar kofin. Waɗanda suka ɗauka 'yan makarantar Beyond Limits ne ta garin Ikenne a Jihar Ogun, abokan karawarsu a wasan ƙarshe kuwa 'yan Brazzaville ne ta ƙasar Kwango, aka tashi biyu da nema.

Ikenne ƙaramin gari ne ƙwarai in an gwada shi da Kano. Kano ce ta fara fitar da babban kofin Nijeriya daga Ikko, ita ce ta karɓi baƙuncin gasar matasa ta duniya har sau biyu, kuma da wuya a sami kango ko filin makaranta a cikinta da yara ba su kafa duwatsu biyu sun mai da shi raga ba. To, me ya sa wata makarantar ƙwallo ta Kano ba ta riga ta Ikenne ba? Wannan takarda ta nemi amsar a wurin da ba a saba nemanta ba, watau a unguwannin masana'antu uku na birnin, Bompai da Sharaɗa da Challawa. Dalili kuwa shi ne, tarihin ƙwallon yara tarihin reno ne, wanda zai yi reno kuwa sai yana da abin hannu, kuma yana da inda zai kai abin da ya rena.

Kalmomin wasan

Ya kamata a ɗan tsaya a kan kalmomi tukuna, don su ma shaidu ne. Hausa ba ta ari sunan wasan nan ba. Kalmar ƙwallo tsohuwa ce, ita ce ta ƙwallon goruba da ƙwallon dabino, sai aka faɗaɗa ma'anarta ta ɗauki abin da a ke bugawa da ƙafa. Tamaula ma 'yar gida ce. Haka raga, da mai tsaron gida, da satar gida, da alƙalin wasa, duk daga abin da ke hannu aka ƙera su, ko da ya ke alƙali asalinsa Larabci ne, amma ya daɗe da zama Bahaushe. Da aka zo kan tsarin da ke ɗauke da wasan kuwa, sai aro ya yi yawa: kulob, koci, lig, kofi, kwantiragi, da ta baya-bayan nan, akadami. Watau Bahaushe ya mallaki wasan har ya raɗa wa sassansa suna, amma hukumarsa da cinikinsa sun zo masa da sunayensu na baƙunci. Kalma guda ce daga cikin na ciniki ba a bukaci aronta daga Turanci ba, ita ce dillali, za a kuwa komo kanta a gaba.

Zamanin ƙungiyar wurin aiki

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a shekarar da ta biyo baya cinikin gyaɗa ya buɗe. Kamfanonin Turawa suka kafa kantuna, akawuna da masu aikin hannu daga Kudu suka biyo layin dogo suka zauna a Sabon Gari. Ta hannun waɗannan, da kuma ta makarantun boko, ƙwallo ya kafu a Kano. Tun farkonsa a Nijeriya wasan a jingine ya ke da wurin aiki. Wanda ya duba sunayen ƙungiyoyin da suka ci Kofin Gwamna daga 1945, lokacin da aka fara shi, zai ga 'yan jirgin ruwa ne, da 'yan reluwe, da 'yan kamfanin UAC, da 'yan banki, dukansu na Ikko. Sai a 1953 ƙungiyar Kano ta doke Dynamos ta Ikko da ci 2 da 1, kofin ya bar bakin teku karo na farko. A 1954 Kano ta sake kaiwa wasan ƙarshe, Kalaba ta rinjaye ta.

A daidai waɗannan shekaru ne Bompai ta fara cika. An yanka ta a gabashin birni, kusa da layin dogo, aka kafa injinan matsar man gyaɗa, da gidajen sabulu da turare da alewa, da na kwanoni da takalman roba, da majemu, da masaƙu, har da wurin harhaɗa kekuna. Masu su da fari galibi Turawa ne da Kwarori, watau mutanen Labanan da Siriya, waɗanda har yau Kantin Kwari ke ɗauke da sunansu. Attajiran Kano suka shigo daga baya, musamman bayan dokokin mallakar kamfanoni na 1972 da 1977. Unguwannin Tudun Wada da Gwagwarwa da Dakata suka cika da ma'aikata. Da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin man fetur kuma ya shigo, sai Bompai ta yi kaɗan, aka yanka Sharaɗa kashi-kashi a kudu maso yammacin birni, sa'an nan Challawa can wajen Panshekara, kusa da kogin da birnin ke sha, inda manyan majemu suka taru.

Yadda ƙungiyar wurin aiki ke tafiya a Nijeriya ta wancan zamani ba wuyar bayani. A kan ɗauki saurayin da ya iya ƙwallo aiki, a sa shi akawu ko mai kula da sito, ya karɓi albashi ƙarshen wata kamar kowa, a sallame shi da wuri don ya je atisaye. Ran da ƙafa ta gaza, aikin yana nan. Ba don alheri kawai kamfani ke yin haka ba, talla ce, kuma hanya ce ta ɗaure zukatan ma'aikata. Har wa yau kamfani ba ya koya wa ƙananan yara ƙwallo, wannan aikin makaranta ne da layin unguwa. Abin da ya ke bayarwa shi ne masauki a ƙarshen hanya. Uban da ɗansa ya nace wa tamaula yana iya haƙura, don ya san abin na iya kai yaron ga aikin albashi a cikin garinsu.

Ƙungiyar da ta fi ɗaga sunan Kano a wannan zamani ita ce Raccah Rovers. Sunan ba baƙo ba ne ga Kanawa, don Saul Raccah, Bayahude mutumin Tarabulus, yana cikin manyan masu sayen gyaɗa a Kano tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Rovers ta ci gasar lig ta ƙasa a 1978. A cikin Afrilu na wannan shekara ta kara da Fluminense ta Birazil a Kaduna, shahararren ɗan wasan nan Pele ya sa rigar baƙin ya buga musu. A 1979 ta shiga gasar zakarun Afirka, ta fitar da Simba ta Tanzaniya. Bayanta akwai ƙungiyar WRECA, hukumar ruwa da gine-gine ta jiha wadda aka sani da aikin madatsun ruwa, da ƙungiyar Bank of the North, bankin da hedkwatarsa ke Kano.

A nan akwai abin lura. Gidan fatauci, hukumar gwamnati, banki: babu masaƙa ko majema a cikinsu. Kaduna ta sami ƙungiyar masaƙar UNTL, inda Rashidi Yekini ya fara, da ta ma'aikatar ƙera makamai wadda ta zama Ranchers Bees. Gboko ta sami BCC Lions ta kamfanin siminti, wadda ta ci kofin Afirka a 1990. A Turai kuwa PSV ta Holan ƙungiyar ma'aikatan Philips ce tun 1913, Leverkusen ta Jamus ta ma'aikatan Bayer ce tun 1904, dukansu kuma sun gina makarantun yara daga baya. Masana'antun Kano suna da yawa, amma galibinsu matsakaita ne, na iyali guda, ribarsu ta dogara ga arhar kayan aiki da kariyar kwastan. Sun ciyar da 'yan kallo da iyayen 'yan wasa, amma ko a lokacin da su ke ganiyarsu ba su haifi ƙungiyar da za ta rayu bayansu ba.

Kofin Ramat

Gasar yara mai ɗauke da sunan ƙasa da ƙasa ta shigo Kano ta wata ƙofa dabam. An kashe Janar Murtala Ramat Muhammed ran 13 ga Fabrairu 1976, aka rufe shi a Kano. Tun cikin shekarun 1980 ƙungiyar wasannin matasa ta Nijeriya, wadda aka fi sani da YSFON, ta kan shirya gasar Kofin Ramat a Kano cikin watan Fabrairu don tunawa da shi, ta yara 'yan ƙasa da shekara 16, da tallafin gwamnatin jiha. Galibin masu zuwa ƙungiyoyin jihohin Nijeriya ne. Dangantakar Kano da ƙungiyar ta yi ƙarfi har Nasiru Yusuf Gawuna, wanda ya riƙe mataimakin gwamna daga 2018 zuwa 2023, ya shugabance ta.

YSFON ɗin nan ce ta riƙa kwasar yaran Nijeriya zuwa manyan gasannin yara na waje a shekarun 1980: Kofin Gothia na birnin Gothenburg a Suwidin, wanda aka fara a 1975, da Kofin Dallas na Amurka, na 1980, da Kofin Dana na Denmak, na 1982. A can ne 'yan Nijeriya suka fara gane cewa yaransu na iya doke yaran Turawa. A 1985 aka tabbatar da haka a ƙasar Sin, inda Nijeriya ta ci gasar duniya ta farko ta 'yan ƙasa da shekara 16, ta doke Jamus ta Yamma da ci 2 ba ko ɗaya. Daga ranar nan masu neman 'yan wasa na Turai suka juyo da idonsu. Abin da ba a lura da shi ba a cikin murna shi ne, kasuwar waje ta buɗe ne daidai lokacin da ta gida ke shirin rufewa.

Durƙushewar masana'antu

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki. Darajar naira ta faɗi, masana'antar da ke sayo zare ko sinadari ko kayan gyaran inji daga waje ta ga kuɗinta ya ninka. Wutar lantarki ta zama sai an ga dama, kowane gida sai ya sayi janareta ya sha man dizal. Atamfa da shadda na fasa-ƙwauri suka riƙa kwararowa ta iyakar Nijar, daga baya kayan ƙasar Sin suka cika Kantin Kwari, balle bayan 2005 da aka ɗage ƙayyade cinikin tufafi na duniya. Masaƙu suka rufe ɗaya bayan ɗaya, gine-gine da yawa a Bompai da Sharaɗa suka koma sito, waɗansu suka zama kango. Waɗanda suka fi jurewa su ne majemu da masu kayan roba da na abinci.

Ƙungiyoyin ƙwallo na kamfanoni suka bi sahu a ko'ina cikin ƙasar. Leventis United ta Badun da Abiola Babes ta Abekuta, waɗanda suka mamaye tsakiyar shekarun 1980, an rushe su kafin shekarun su ƙare. Raccah Rovers ma a cikin shekarun nan ta ɓace daga fagen manya. Da aka zo kafa lig na ƙwararru a 1990, Kano ba ta da ƙungiya guda mai ƙarfin shiga, sai aka haɗe uku, WRECA da Golden Stars da Bank of the North, aka sami Kano Pillars, bisa jagorancin Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallo ta ƙasa. Kirarin ƙungiyar shi ne Masu Gida, amma maigidan na ainihi yanzu gwamnatin jiha ce. Bankin ma da ya ba da kashi ɗaya cikin ukun nan an narkar da shi cikin Unity Bank a 2006.

Ba za a raina abin da Pillars ta yi ba. Ta ci lig a 2008, da 2012, da 2013, da 2014, ta kai wasan kusa da na ƙarshe na zakarun Afirka a 2009 bayan ta fitar da Al Ahly ta Masar, ta ci kofin ƙalubale a 2019. Amma ƙungiyar gwamnati da kasafin shekara ta ke rayuwa, shugabanninta kuma su kan sauya in gwamna ya sauya. Renon ɗan shekara 12 har ya kai 18 aikin shekara shida ne, wa'adin gwamna kuwa huɗu ne.

Baƙi a Ƙofar Mata

Sau biyu aka kawo wa Kanawa yaran duniya har gida. Hukumar FIFA ta taɓa hana Nijeriya shiga gasannin matasa a 1989 sabo da saɓanin shekarun haihuwa a takardun waɗansu 'yan wasa, ta kuma janye gasar 1995 ta mai da ita Katar bisa dalilin annoba. Sai a 1999 aka yi gasar 'yan ƙasa da shekara 20 a Nijeriya, filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yana cikin filayen. A nan Kamaru ta doke Japan, Japan ɗin kuwa ta farfaɗo har ta kai wasan ƙarshe a Ikko, inda Sifaniya ta ci ta 4 ba ko ɗaya. A nan kuma Nijeriya ta fitar da Ailan da bugun daga kai sai mai tsaron gida.

Ta biyu, ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009, ita ta fi dacewa da wannan bincike. Rukunin Sifaniya da Amurka da Malawi da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Kano ya zauna. Sunan ƙasa ne a rigar yaran Sifaniya, amma kowanensu ɗan makarantar wata ƙungiya ne: Isco na Valencia, Koke na Atletico, Sergi Roberto na Barcelona, Muniain na Bilbao, Morata na Real Madrid. Kowane an san ranar haihuwarsa, da ranar da ya shiga makarantar, da wanda ya koya masa. Ana cikin wasansu da Amurka fitilun filin suka ɗauke, aka dakata har aka gyara. Mutumin Sharaɗa da ke cikin 'yan kallo bai ga abin mamaki ba, don abin da ya kashe masa wurin aiki ke nan.

A wannan gasa ce FIFA ta fara amfani da na'urar hoton ƙashin wuyan hannu don gane shekaru. Nijeriya ta sauke yara 15 kafin a fara, ta kai wasan ƙarshe a Abuja, Suwizalan ta ci ta ɗaya mai ban haushi. A 2016 kuwa yara 26 suka faɗi gwajin ana gab da karawa da Nijar, Nijar ta fitar da Nijeriya, alhali ita ke riƙe da kofin duniya na 2015. Malaman makarantu sun fi kowa sanin asalin wannan ciwo. Yaron da ba a rubuta haihuwarsa ba, bai kuma zauna a makaranta guda an bi shi aji-aji ba, shekarunsa abin ciniki ne, mai rage su kuwa ba ya rasa dalili.

Makarantar ƙwallo da dillali

Gurbin da kamfani ya bari, akadami ta shiga. A Ikko an kafa makarantar Pepsi a 1992, a Abijan ta ASEC a 1994, a Gana Right to Dream a 1999, a Dakar Génération Foot a 2000. Bambancin akadami da ƙungiyar wurin aiki babba ne, ko da ya ke fili ɗaya a ke bugawa. Kamfanin da sabulu ko atamfa ya ke sayarwa, ɗan wasa ma'aikacinsa ne. Akadami ba ta da sabulu, ba ta da atamfa, yaron shi ne hajarta. Gasar ƙasa da ƙasa tsakanin makarantu kuwa ita ce ranar kasuwa, inda masu saye ke zama a gefen fili da takarda da alƙalami. Shi ya sa Bahaushe bai wahala wajen neman sunan mai shiga tsakani ba. Ya san dillali a kara, ya san shi a kasuwar fata, ya san la'ada, ya kuma san wanda ke karɓar kuɗin mutane da alkawarin kai su wata ƙasa ya zube su a hanya.

Maganar fata ba kwatance ne kawai ba, tarihi ne na garin. Ɗaruruwan shekaru majeman Kano suna jeme fatar jar akuya ta ƙasar Sakkwato da Maraɗi, ayari ya haura Sahara da ita, Turawa su saye ta a tashoshin Arewacin Afirka su kira ta fatar Maroko. Baturen nan Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ga wannan ciniki ya rubuta labarinsa. Majemun Challawa da Sharaɗa sun gaji sana'ar da injina, amma galibin abin da su ke fitarwa fata ce jemammiya, ba takalmi ko jaka ba, Italiya da Sifaniya kuma suna cikin manyan masu saye. Babbar cibiyar jima ta Italiya tana Santa Croce, a lardin Tuscany, lardin da garin Viareggio ya ke. Fatar da aka ƙarasa a can sunan Italiya ta ke ɗauka, riba mai tsoka kuma a wurin mai ƙarasawa ta ke.

Labarin 'yan wasa uku ya isa misali. Sani Kaita, haifaffen Kano, daga Pillars ya tafi gasar 'yan ƙasa da shekara 20 a Holan a 2005, inda Nijeriya ta kai wasan ƙarshe Ajantina ta ci ta 2 da 1, duka biyun Messi ya zura. A shekarar nan Sparta ta Rotterdam ta ɗauke shi. Rabi'u Ibrahim, shi ma haifaffen Kano, yana cikin waɗanda suka ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Koriya ta Kudu a 2007, har a na kwatanta shi da Okocha. Sporting ta Fotugal ta ɗauke shi yana ɗan shekara 16, ya bi ta PSV da Celtic da Kilmarnock bai sami wurin zama ba, sai a ƙasar Silobakiya ya kafu, bayan shekarun da ya kamata a ce ya yi tashe sun wuce. Ahmed Musa kuwa haifaffen Jos ne, daga wata makarantar ƙwallo ya fito, ya zo Pillars ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, abin da ba a taɓa yi ba a lig ɗin ƙwararru kafinsa. Ya tafi VVV ta Holan a 2010, CSKA ta Mosko a 2012, Leicester ta Ingila a 2016. Daga cikin ukun, wanda ya buga cikakkiyar kaka a gaban 'yan kallon gida yana cin ƙwallaye kafin ya fita shi ya fi nisa. Ya komo Pillars a 2021, ya sake komowa a 2024, a 2025 kuma gwamnatin jiha ta naɗa shi babban manajanta.

To, me Ikenne ta yi? Makarantar Beyond Limits reshe ce ta ƙungiyar Remo Stars, wadda ta ci lig ɗin Nijeriya a 2025. Mai su, Kunle Soname, ya sayi rinjayen hannun jarin ƙungiyar Feirense ta Fotugal tun 2015. Watau hannu guda ke riƙe da makaranta, da ƙungiyar manya ta gida, da ƙofar shiga Turai. Haka Right to Dream ta yi da ta mallaki Nordsjaelland ta Denmak a 2015, haka Génération Foot ta ƙulla da Metz ta Faransa, hanyar da Sadio Mane ya bi. Waɗannan majema ne da suka buɗe nasu shagon dukanci. Amma fa dukiyar Soname daga kamfanin cacar wasanni ta fito, wannan kuwa rijiya ce da Kano ba za ta sha ba, don a 2024 ma Hisba ta rufe shagunan irin wannan caca a birnin. Sabuwar ƙungiyar Kano da ta hau lig ɗin manya a 2025, Barau FC, ta Sanata Barau Jibrin ce. Bayan ɗan kasuwar gyaɗa, da banki, da gwamnati, ɗan siyasa ne ya zama maigida na huɗu, har yanzu dai ba mai masana'anta ba.

Ladan reno

Saura dokar da ke kan wannan ciniki. Tun 2001 FIFA ta hana a kai yaro wata ƙasa don ƙwallo kafin ya cika shekara 18, sai da waɗansu 'yan dalilai ƙayyadaddu. Shi ya sa Ahmed Musa ya jira har Oktoba 2010, watan da ya cika 18, kafin ya fara buga wa VVV. Dokar ta kuma yanka wa masu reno rabonsu. In aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, a kan ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tsakanin shekara 12 da 23. Amma rabon ba daidai ba ne. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 rabin abin da shekarun gaba ke samu ta ke samu, sabo da haka shekaru huɗun nan gaba ɗaya kashi 1 cikin 100 ne na kuɗin ciniki. Leicester ta biya kimanin fam miliyan 16 a kan Ahmed Musa, watau a ciniki irin wannan rabon masu renon ƙuruciya kimanin fam 160,000 ne. Ga ƙungiyar Turai wannan ba kome ba ne. Ga kocin unguwa mai sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa, ya isa ya sayi fili ya kewaye. Abin da aka koya wa yaro kafin ya kai 12 kuwa ba shi da lada ko kaɗan a dokar.

Ko wannan ɗan rabon ma sai da takarda. A 2022 FIFA ta buɗe wani ofis a birnin Faris wanda kuɗin reno ke bi ta cikinsa, shi kuwa ba ya biyan kowa sai wanda sunansa ya fito a rajistar ɗan wasa ta kwamfuta, shekara bayan shekara, kamar yadda hukumar ƙwallo ta ƙasarsa ta shigar. Ƙungiyar da ke atisaye da yamma a gindin katangar rufaffiyar masaƙa a Dakata, ko a wani kango a Ja'en ko Panshekara, in ba ta yi rajista da hukumar ƙwallo ta jiha ba, ba ta kuma rubuta sunayen yaranta da ranakun haihuwarsu ba, to a lissafin Faris shekarun da yaron ya yi a hannunta babu mai su.